Katafila ko Magini: Kangayen Detroit da na Baltimore

Idan banki ya ƙwace gida saboda bashin jingina, mai gidan ya kwashe kayansa ya tafi, maƙwabta ne ke gadon wahalar. Ciyawa ta rufe ƙofa, ɓarayi su fasa bango su zare wayar tagulla, rufi ya fara yoyo, 'yan ƙwaya su samu mafaka. Bayan rikicin bashin gidaje na 2008, biranen Amurka biyu, Detroit da Baltimore, sun wayi gari da dubban irin waɗannan kangaye, kowanne kuma da inda ya fi karkata.

Detroit ta karkata ga katafila. A 1950 mutanenta sun kai miliyan 1.8, a 2020 kuwa ba su cika 640,000 ba, gidaje sun fi masu shiga yawa. Birnin ya tsiyace a 2013, da Mike Duggan ya zama magajin gari a 2014 sai ya sa rusau a gaba. A 2020 jama'a da kansu suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a ciwo bashin dala miliyan 250 don ci gaba da aikin. Filin da aka share, maƙwabci na iya sayensa dala 100, ya kafa shinge, ya shuka tumatir. Gidan da ke da sauran ƙwari kuma a sa shi gwanjo daga dala 1,000, bisa sharaɗin a gyara shi cikin wata shida.

Baltimore ta fi karkata ga magini, kuma ginin garin ne ya tilasta mata. Gidajenta na bulo ne a jere, bango ɗaya ke raba ka da maƙwabcinka. Ka rushe na tsakiya, ka tsiraita bangon mutum biyu, sai an sake kashe kuɗi an tokare su. A shekarun 1970 birnin ya sayar da kangaye dala ɗaya ga duk wanda zai gyara ya zauna, unguwar Otterbein ta farfaɗo ta wannan hanya. Daga baya aka dogara da kotu: mai gidan da ya yi watsi da shi, a karɓe a yi gwanjonsa ga wanda ya nuna yana da ƙarfin gyara.

Rusau yana da sauri, yana kawar da haɗari yau, amma fili ba ya kawo haraji mai kauri, ba ya kuma kawo yara makaranta. Gyara yana dawo da mutane, sai dai tafiyar hawainiya yake yi, kuma magina sun fi zuwa unguwar da riba take. Wannan jinkiri ya ci rai. A Janairun 2022 wani kango a titin Stricker ya kama wuta, ya rufta kan 'yan kwana-kwana, uku suka mutu.

Abin da ya fi ci mini rai game da Detroit shi ne asalin wasu kangayen. Binciken jaridar Detroit News ya nuna cewa tsakanin 2010 da 2016 an ɗora wa masu gidaje harajin da ya zarce ƙa'ida da aƙalla dala miliyan 600. Mutum ya kasa biya shekara uku, hukuma ta ƙwace gidan, ya zama kango, sannan a ciwo bashi a rushe shi.

Da na auna, ba na ganin laifin Detroit a kan gidan da wuta ta riga ta cinye. Amma a layin da har yanzu ake shanya kaya a bayan gida, ina tare da Baltimore, muddin kotu za ta riga damina isa kan rufin.