Makullin Littafin Bashinka Yana Hannun Wa?

A yammacin wata Alhamis na halarci wata lacca a unguwar Tahaggart da ke Tamanrasset, inda wani matashin malamin kwamfuta ya tara 'yan kasuwa, akasarinsu fataken dabino masu bin hanyar In Gezam da Assamaka zuwa Arlit da Agadas. Da tambaya ya buɗe jawabinsa: wa zai kama hayar shago, amma mai gida ya riƙe makullin?

Malamin ya ce haka lamarin yake ga duk wanda ya zuba lissafinsa cikin manhajar da kamfani kaɗai ya san sirrinta. Ya kawo tarihin Richard Stallman, Ba'amurken da ya ƙaddamar da aikin GNU a 1983, ya kafa gidauniyar manhaja mai 'yanci a 1985. A wurin Stallman, 'yancin huɗu ne: ka yi amfani da manhaja yadda kake so, ka duba cikinta ka gyara, ka ba maƙwabci kwafi, ka kuma raba wadda ka gyara. A 1991 Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fito da Linux a kan wannan turba.

Wani Alhaji ya miƙe ya ce shi kam da 'yan dinari kaɗan ake sa masa Windows a kasuwa, to wahalar me? Malamin ya amsa cewa batun 'yanci ake yi, ba na araha ba. Ya tuna masa cewa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su ɗaukar Windows 11, alhali Linux da LibreOffice suna aiki a kansu lafiya lau.

To sai dai da ya ce a bar WhatsApp, zauren ya fashe da dariya, domin ta nan ake jin farashi da labarin hanya. Masu gyaran Linux ma ba su da yawa a kasuwanninmu.

Duk da haka, mai karatu, tambayarsa ta farko tana nan. Idan kwamfutarka ta ƙi buɗewa gobe, wa zai faɗa maka nawa kake bin mutane? Ka ajiye kwafin lissafinka a tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa, kada kuma ka yar da littafin takarda. Allah Ya ba da kasuwa.