Hutun Yara a Bakin Tabki a Ƙasar Bande

A Bande, garin da ke kan hanyar Damagaram zuwa Magariya, ba kasafai magidanci ke cewa zai kai iyalinsa yawon buɗe ido ba. Cewa ake yi yara za su je hutu wajen kakanni. Da an rufe lakwal a watan Yuli, sai ƴaƴan waɗanda aiki ko fatauci ya kai Damagaram, Yamai ko Kano su fara isowa, kowa da ƙullin tsaraba: goro, sabulu, sukari. Masauki gidan kaka ne, wurin shaƙatawa kuwa fadamu da tabkunan kwarin Korama, inda ruwa ke kusa har mai lambu ya haƙa rijiya da hannu ya cim masa.

Tarba ma wasa ce. Yaro zai durƙusa ya ce, "Kaka, mun same ku lafiya?" Ita kuwa sai ta ce, "Maigidana ya iso! Ina cefanena?" Kaka namiji kuma amarya yake kiran jikanya. Da wannan barkwanci ake cire wa ɗan birni baƙunta tun ranar farko.

Babban hutu da damina yake zuwa, saboda haka ba a fara da wasa. Da safe gona ake zuwa. Sai rana ta yi sanyi samari su kora awaki da shanun amalanke zuwa shan ruwa, daga nan a tuɓe riguna. Wanda bai iya iyo ba ya rungumi babban gora ya riƙa buga ƙafa a gefe, yayyensa na lura da shi. Wasu su jefa fatsa ko za a dace da tarwaɗa. Ƴan mata na can gefensu suna wanki, suna tsinko bado. Kifin da aka samu a nan ake gasa shi, a raba har da ƙaramin da bai kama komai ba, don ba a cin na ruwa a bar yaro yana kallo.

Tabki na da dokokinsa, kuma tsofaffi ba sa wasa da su. Ba a shiga ruwa da tsakar rana, ba a kai magariba a bakinsa, ba a kuma zuwa a kaɗaice. Ana ce wa yara lokacin fitowar mutanen ɓoye ne. Duk yadda mutum ya ɗauki zancen, dokar ta dace, domin a waɗannan lokuta ne babu manya a kusa da za su kawo ɗauki.

A ganina, hutun ƙarshen Disamba ya fi daɗi ga ƙananan yara. Ruwa ya ja baya, lambuna sun yi kore, kuma kakar rake ce, abin da aka san Bande da shi. Yaro zai yini a lambun kawunsa yana koyon ban ruwa, bakinsa ba ya rabo da rake ko goruba. Can cikin rani, inda ake yin su, wato kamun kifi na gayya, sarkin ruwa ne ke sa rana. Manya su faɗa da homa, yara su tsaya a gaɓa da ƙorai suna tattara abin da aka wurgo musu. In tabkin ya ƙafe, sai tonon gaiwa a cikin taɓo.

Mai halin kuɗin mota yana iya zarcewa. Tabkin Gidimuni na gabas da Damagaram kan babbar hanyar Difa, kewaye da dabino da lambuna, kuma a 2019 aka sa shi cikin jerin dausayoyi na yarjejeniyar Ramsar. A jihar Maraɗi akwai tabkin Madarunfa, inda iyalai ke haɗa kallon ruwa da ziyarar kaburburan waliyyai 99. Tun 2006 Nijar ta miƙa wurin cikin jerin da take nema wa rajistar UNESCO.

Abin da ke ɓata wannan al'ada shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar na rayuwa cikin ƴan dodon koɗin da ke ruwan kwance, ta shiga ta fatar mai wanka, bayan makonni a ga jini a fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar cewa wannan alamar balagar ɗa namiji ce, alhali ciwo ne mai lahani ga mafitsara. Tun 2004 Nijar ke rabon maganinta ga yara. Iyaye, ku ci gaba da tura ƴaƴanku hutu gida, amma in sun dawo ku tambaye su yadda fitsarinsu yake, in da jini ku kai su likita ba tare da jinkiri ba.