Kafin ku sayar da tsohuwar kwamfuta

Jama'a, abin da kuka goge a kwamfuta bai tafi ba. Yana nan cikin faifan ajiya, mai gyara zai iya dawo da shi. A 2009 wasu ɗalibai daga Kanada sun sayi tsohon faifai a nan Ghana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar tsaron Amurka a ciki. To ina ga hoton katinku na gudun hijira, da lambobin 'yan'uwan da ke gida? Muna roƙonku, kafin ku ba masu sayen ƙarfe na Dagomba Line, ku kwashe abin da kuke buƙata, ku ciro faifan, ku huda shi da ƙusa, ku daddake shi da guduma. Memori kuwa, almakashi ya isa. Ban da ƙonawa, hayaƙin guba ne.