Abin da ya sa wasu yara ke kasa karatu duk da basirarsu

A unguwar Zango ta Agege da ke jihar Legas, yaro Bahaushe yakan tashi da Hausa a gida, ya ji Yarbanci a kasuwa, ya yi Larabci a Islamiyya, sannan ya tarar da Turanci a makarantar boko. Idan ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, sai a ce daƙiƙi ne, ko kuma harsuna ne suka yi masa yawa. Binciken masana ya nuna cewa a wajen wasu yaran, matsalar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sautin magana, kuma galibi gadonta ake yi. Jin harsuna da yawa ba ya haddasa ta.

Ana kiran wannan lalura disleksiya, sunan da wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa mata a 1887. A 1896 likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro mai shekara 14, wanda malaminsa ya ce da baki ake koyarwa da shi ne zai fi kowa a makarantar, amma karatu ya gagare shi.

Karatu yana jingina ne da sassan ƙwaƙwalwa na magana, waɗanda galibi suke ɓangaren hagu, kamar yadda Paul Broca ya gano a 1861 da Carl Wernicke a 1874. Kafin yaro ya karanta kalmar "gida", sai ƙwaƙwalwarsa ta rarraba sautukanta guda huɗu, ta haɗa kowane da harafinsa. A nan ne mai disleksiya ke tuntuɓe, ko da ganinsa da jinsa lafiya lau suke.

Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2001 ya duba masu lalurar a Italiya da Faransa da Ingila, ya tarar da rauni iri ɗaya a aikin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsu. Sai dai 'yan Italiya sun fi karatu daidai, domin rubutunsu yana bin furuci. Rubutun Hausa na boko ma haka yake a mafi yawan lokuta, saɓanin Turanci. Saboda haka yaro zai iya lallaɓa Hausa a hankali, amma Turanci ya tona matsalarsa.

Ta fuskar gado, kusan rabin yaran da uwa ko uba ke da lalurar su ma sukan same ta. A 2001 masana a Jami'ar Oxford sun gano cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna FOXP2 ne ya jawo matsalar furuci ga kusan rabin wata zuriya a Landan. Irin wannan ba kasafai ake samunsa ba. Disleksiya kuwa ƙwayoyi da yawa ne ke haɗuwa a kanta: binciken da Jami'ar Edinburgh ta jagoranta a 2022 ya gano wurare 42 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita.

Gado ba ya nufin an rufe ƙofa. Koyarwa daki-daki, wadda ke haɗa sauti da harafi tare da yawan maimaici, tana taimakawa, musamman idan an fara da wuri. Bulala ba ta ƙara komai sai tsoron makaranta.

Iyayen da suka lura ɗansu ya yi jinkirin magana, ko yana kasa riƙe sunayen haruffa, su fara da gwajin ido da kunne, sannan su nemi a tura su wajen ƙwararru. Mazauna Agege suna kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, da kuma sashen yara na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na Yaba, wanda ke Oshodi.