Iyakar Datar Da Ta Tsaya a Bakin Wasu Jihohi

A shekarar 2022, idan ka ɗauki gidaje biyu a Amurka, ɗaya a birnin Memphis na jihar Tennessee, ɗaya a Filadelfiya ta jihar Pennsylvania, dukansu suna sayen intanet ɗin gida daga kamfanin Comcast, za ka tarar da wani bambanci mai ɗaure kai. Waya iri ɗaya aka ja musu, na'ura iri ɗaya ce ke raba musu sabis a falo, kamfani ɗaya ke karɓar kuɗinsu a ƙarshen wata. Amma mutumin Memphis an ƙayyade masa terabait 1.2 a wata, wato wajen gigabait 1,200. Da zarar ya wuce, sai a caje shi dala 10 a kan kowane gigabait 50 da ya ƙara, har kuɗin ya kai dala 100. In ba ya son wannan fargaba, sai ya riƙa ƙara dala 30 duk wata a cire masa iyakar. Shi kuwa na Filadelfiya, birnin da hedikwatar kamfanin take, ko kwana yake yi yana kallon bidiyo babu mai tambayarsa ƙarin sisi.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya cewa to mene ne abin mamaki, ai mu da awo muke sayen data tun fil azal. Gaskiya ne, sai dai tamu ta wayar hannu ce, kuma tana da uzurin da ake iya fahimta: duk wayoyin da ke unguwa ƙarfen sabis ɗaya suke rabawa, zangon iskar da gwamnati ta sayar wa kamfani kuma yana da iyaka. Abin da ake magana a kai a Amurka waya ce da aka binne a ƙasa ko aka rataya a turakun lantarki har cikin gida. Datar da ke bi ta cikinta ba ta ƙarewa don an yi amfani da ita. To me ya kawo awo? Kuma me ya sa awon ya san iyakar jiha?

Amsar da kowa ya fara kawowa ita ce cunkoso, kuma tarihin lamarin ya ba ta ƙarfi. A 2007 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa Comcast na katse wa masu musayar manyan fayiloli ta BitTorrent sadarwa a ɓoye. A watan Agustan 2008 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ce wannan bai halatta ba. Bayan kimanin wata biyu, ranar 1 ga Oktoba, kamfanin ya kafa iyakar gigabait 250 a wata. Duk wanda ya ga wannan jeri zai ɗauka cewa layukan ne suka cika, aka nemi hanyar rage lodi.

Amma cunkoso al'amari ne na sa'a, ba na wata ba. Titin da ke tsayawa cak bayan la'asar fayau yake da tsakar dare, kuma direban da ya yi ta zirga-zirga a kansa kafin asuba bai tare wa kowa hanya ba. Layin intanet yana cika ne da daddare, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna kallo. Ƙirgen wata kuwa bai san dare da rana ba. Yana hukunta wanda ya sauke fayilolinsa da ƙarfe 3 na dare, ya ƙyale wanda duk amfaninsa a sa'ar cunkoso yake yi, muddin jimlarsa ba ta kai iyaka ba.

Ba sai mun dogara da hasashe ba, domin masu abin sun faɗa da bakinsu. A Janairun 2013 Michael Powell, tsohon shugaban FCC wanda a lokacin yake jagorantar ƙungiyar kamfanonin kebul, ya ce ba cunkoso ne dalilin ba, neman hanyar mayar da kuɗin da aka kashe wajen shimfiɗa layuka ne. A 2015 Jason Livingood, ɗaya daga cikin manyan jami'an fasaha na Comcast, ya rubuta a Twitter cewa iyakar shawarar kasuwanci ce, ba ta injiniyoyi ba. A Nuwamban shekarar wata takardar cikin gida ta fita waje, inda aka umarci masu amsa kiran kwastomomi da kada su ce tsarin na maganin cunkoso ne, aka kuma rubuta ƙarara cewa ba shi ba ne. A 2018 kamfanin ya sanar da kashe tsarin da yake rage wa mutane gudu a lokacin cunkoso saboda ba ya buƙatarsa, amma ya bar iyakar. Sai annobar korona ta zo ta yi gwajin da ba wanda ya shirya. A Maris 2020 Comcast ya dakatar da iyakar baki ɗaya, makarantu da ofisoshi suka koma cikin gidaje, lodin sa'ar cunkoso ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin 3, kamfanin da kansa ya yi ta shelar cewa layukansa sun ɗauka lafiya lau. A watan Yuli ya mayar da iyakar.

Takardar nan ta 2015 ta gaya wa ma'aikata abin da za su faɗa a madadin cunkoso: adalci. Wanda ya sha da yawa ya biya da yawa. Magana ce mai daɗin ji, kuma ba na raina ta, domin babu mai son tsohuwar da ke duba saƙonni kawai ta ɗauki nauyin gidan da ke da allon kallo biyar. Sai dai kuɗin wannan sana'a kusan duka a tona rami, jan waya da sayen na'urori yake tafiya. Bayan an gama wannan, abin da ƙarin gigabait 50 ke ci wa kamfani bai kama ƙafar dala 10 ba. Kuma in adalci ne, ya kamata ya yi aiki ta ɓangare biyu. Rangwamen da kamfanin ya taɓa gwadawa ga masu ƙaramin amfani dala 5 ne kacal, da sharaɗin kada su wuce gigabait 5 a wata. Sama kuwa ana iya ƙara maka dala 100.

Akwai wani lissafi da ya fi damuna. A 2008 Comcast ya ce matsakaicin kwastomansa gigabait 2 zuwa 3 yake amfani da shi a wata. A 2020 adadin ya haura 300. Amfani ya ninka sau 100, iyakar kuwa daga 250 zuwa 1,200 ko sau 5 ba ta ninka ba. Kamfanin ya riƙa cewa kashi 95 cikin 100 na kwastomomi ba sa kaiwa, amma kowace shekara tazarar raguwa take yi, kuma waɗanda suka fara faɗawa ciki ba ɓarayin fina-finai ba ne, gidaje ne masu 'ya'ya da yawa, da masu aiki daga gida. Ko da mun yarda da hujjar adalcin duka, ba ta amsa tambayar farko ba. Shin mutanen Filadelfiya ba sa buƙatar adalci ne?

Ruwa ba ya tsami banza. Comcast ba intanet kaɗai yake sayarwa ba. Asalinsa kamfanin talabijin na kebul ne, kuma tun 2011 yake riƙe da kamfanin shirye-shiryen talabijin da fina-finai na NBCUniversal. Abin da ya fi cin data a gida shi ne bidiyo, wanda kuma ya fi kusa da iyaka shi ne wanda ya yanke talabijin ɗin kebul ya koma Netflix da YouTube. A 2012 Reed Hastings, shugaban Netflix, ya koka a Facebook cewa idan ya kalli shiri a na'urar Xbox ta manhajar Netflix ko Hulu ana cire masa daga ƙirgen wata, in kuwa ta manhajar Comcast ya kalla ba a cirewa. A 2015 Comcast ya fito da nasa tsarin kallon bidiyo mai suna Stream TV, shi ma ba a ƙirga shi. Hukuma ta ga wannan haɗari: da ta amince wa kamfanin Charter ya sayi Time Warner Cable a 2016, cikin sharuɗɗan da ta gindaya har da haramta masa sanya iyakar data na tsawon shekara 7, don kada ya yi amfani da ita wajen danne masu bidiyon intanet.

To, mun sami dalilin da zai sa kamfani ya so iyakar: tana kawo kuɗi, tana kuma kare tsohuwar sana'a. Amma wannan sha'awa tana nan a Filadelfiya kamar yadda take a Memphis. Abin da ya rage a gano shi ne me ya hana shi sanya ta a Filadelfiya.

Bakin zaren yana cikin taswirar wani kamfani dabam. A tsakiyar shekarun 2000 Verizon ya fara jan wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske har cikin gidaje, da sunan Fios, kuma ba ya sanya iyakar data. A 2010 ya daina shiga sababbin garuruwa, a 2016 ya sayar da layukansa na California, Texas da Florida. Abin da ya rage masa ya taru a arewa maso gabas: New York, New Jersey, Pennsylvania, Maryland, Virginia, Massachusetts da birnin Washington. Ka ɗora wannan taswira a kan ta yankin da Comcast bai sa iyaka ba, sai ka ga sun hau juna. A nan ne kwastoma zai iya ɗaga waya ya ce a zo a cire, gobe maƙwabcin kamfani ya ja masa nasa layin.

Me ya sa sauran ƙasar ba ta da irin wannan maƙwabci? Manyan kamfanonin kebul ba sa shiga gonar juna. Sun girma ne da lasisin gari-gari, daga baya suka yi ta saye da musayar yankuna har kowa ya haɗe nasa. A 2014, da Comcast ya nemi sayen Time Warner Cable kan dala biliyan 45, hujjar da ya kai wa hukuma ita ce cinikin ba zai rage gasa ba, tunda ko ma can ba sa gasa a ko'ina. Kamfani na ɗaya da na biyu a ƙasar ke nan. A Satumban shekarar shugaban FCC, Tom Wheeler, ya ce a gudun megabit 25 kashi 3 cikin 4 na gidajen Amurka ba su da zaɓi, ko dai kamfani ɗaya ko babu. Doka ma ta taimaka. A 2005, a shari'ar Brand X, Kotun Ƙoli ta amince cewa ba dole ba ne kamfanonin kebul su ba wasu hayar layukansu. Birtaniya ta bi akasin haka: a 2006 aka ware Openreach daga sauran sassan kamfanin sadarwa na BT domin kowane kamfani ya iya hayar wayar da ta shiga gida, shi ya sa gida ɗaya a can ke da masu sayarwa da dama.

Akwai abu ɗaya da bai zauna daidai a wannan bayani ba, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A Chattanooga, cikin jihar Tennessee ɗin nan, hukumar lantarki ta gari, EPB, ta ja wayar gilashi ga kowane gida, ta fara sayar da gudun gigabit a 2010 ba tare da iyaka ba. Duk da haka Comcast ya kai iyakarsa garin a ƙarshen 2015. Ashe ba gasa ba ce? Ni a ganina abin da wannan ya nuna shi ne girman abokin hamayya. Gari ɗaya ba ya sauya manufar da aka tsara wa jihohi da dama. Mutanen Chattanooga dai sun sami ƙofar fita, kuma dubun dubatansu sun fita. Maƙwabtansu na ƙauye ba su samu ba, domin dokar jihar ta hana EPB wuce yankin da take ba wuta. FCC ta yi ƙoƙarin soke wannan shinge a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe matakin a 2016.

Saura gwaji. Idan gasa ce ke riƙe da hannun kamfanin, ya kamata ya sha wuya in ya gwada iyakar inda ake gasa, ya kuma janye ta in gasa ta iso sauran wurare. Duka biyun sun faru. A Nuwamban 2020 Comcast ya sanar cewa daga Janairu zai kai iyakar arewa maso gabas. 'Yan majalisun jihohi suka yi ca, babban lauyan gwamnatin Pennsylvania na lokacin, Josh Shapiro, ya sa baki, aka ɗage zuwa Yuli, aka sake ɗagewa zuwa 2022, daga nan ba a ƙara tayar da zancen ba. Siyasa ta yi aikinta a nan, ba na musu. Amma an yi irin wannan kuka a wasu jihohin tun 2012 ba a saurara ba. Kukan da aka ji shi ne na mutanen da ke da wurin komawa.

Na biyun ya zo ta inda ba a zata ba, ta iska. Daga 2021 T-Mobile da Verizon suka duƙufa wajen sayar da intanet ɗin gida ta ƙarafan 5G, ba tona rami, ba cajin wuce iyaka, yayin da AT&T da wasu ke ta faɗaɗa wayar gilashi. Miliyoyin gidaje suka koma. A wata 3 na farkon 2025 kaɗai Comcast ya rasa kwastomomin intanet 199,000. A watan Yunin shekarar ya fito da sababbin tsare-tsare a duk faɗin ƙasar, kowannensu da data marar iyaka a cikin farashinsa. Ba a sauya dokar tarayya ba, ba a kuma gano wata sabuwar dabarar maganin cunkoso a wannan watan ba.

Iyakar ta shekara kusan 17 tana aiki a sigogi dabam-dabam, kuma duk tsawon lokacin farashin rashin zaɓi ce, wadda aka ɗora wa mutanen da aka san ba su da inda za su. Ko bayan sanarwar 2025 ba a cire ta kai tsaye ga kowa ba: wanda ke kan tsohon tsari sai ya nemi a sauya masa zuwa sabo kafin a daina ƙirga masa.