Rubutun Buɗe Fim da Hakkinsa a Kan Ɗalibi

Duk ɗalibin da ya kammala fim ɗinsa na gwaji, ko a makarantar koyon fim ta Jos ko a wani wuri, wajibi ne ya san cewa rubutun da ke fara bayyana, wato sunan fim da na ma'aikatansa, shi ne muƙaddimar labarin, kuma da shi mai kallo yake fara auna basirar mai shiryawa. Ba'amurke Saul Bass ya kafa hujjar haka a 1955, a fim ɗin The Man with the Golden Arm, inda fararen layuka suka riƙa ratsa baƙin fage har suka rikiɗe suka zama karkataccen hannu, ishara ga bala'in mashayin ƙwaya, tun ɗan wasa bai furta kalma ba.

Ɗalibi ba ya buƙatar dukiya domin wannan, illa natsuwa. Ya wadatu da salon haruffa ɗaya, ya nisanta rubutun daga gefen allo, ya bar kowane suna ya daɗe gwargwadon yadda za a karanta shi sau biyu. Abin takaici, salo da yawa na kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai sunan Ɗanladi ya fito da tawaya. A jarraba wannan tun kafin ranar nuni.