Macizai, Garuda Da Giwa Mai Haure Shida A Bangon Ajanta

A Jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya akwai wani kwazazzabo da Kogin Waghora ya ratsa, inda magabata suka sassaƙe dutse suka yi kogo wajen 30 domin ibada da zaman masu zuhudu na addinin Buddha. Wannan wuri shi ake kira Ajanta. An fara aikin tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma galibin zane-zanen da ke bangayen an yi su ne a ƙarni na 5, zamanin Sarki Harishena.

Duk wanda ya dubi zane-zanen nan zai ga halittun da ba a taɓa ganin irinsu a daji ba, har ya zaci ado ne kurum ko wasan masu zane. Alhali kuwa kowace halitta karatu ce aka rubuta wa mutanen da yawancinsu ba su san baƙi ba.

Ɗauki misalin giwar nan fara mai haure shida da aka zana a kogo na 17. Mabiya Buddha sun ce shi ne a wata rayuwa tasa ta farko. Matarsa ta yi fushi da shi saboda kishi, ta mutu, ta sake dawowa duniya ta zama matar Sarkin Banaras, sa'an nan ta aiki maharbi ya kawo mata haurensa. Da maharbin ya kasa yanke hauren, sai giwar da kanta ta taimaka masa, ta miƙa su. Sarauniya kuwa da ganin hauren sai baƙin ciki ya kashe ta. Watau mai kallo ya koyi cewa hassada ga mai ita take komawa, kuma kyauta ta gaskiya ba ta ware maƙiyi.

Haka kuma akwai Naga, sarakunan macizai, waɗanda ake zana su da siffar mutum, kawunan kumurci sun yi musu laima. Su ne masu tsaron ruwa da dukiyar ƙarƙashin ƙasa, a ƙasar da rayuwar manomi ta rataya a kan damina. Saboda haka ba a ɗauke su mugaye ba. Har ma an ruwaito cewa wani daga cikinsu, Mucalinda, ya kare Buddha daga ruwan sama kwana 7.

Abokin gābar Naga shi ne Garuda, rabinsa mutum rabinsa mikiya, wanda a addinin Hindu shi ne abin hawan Bishnu. Garuda na nufin sama da rana da ikon sarauta, Naga kuwa ƙasa da ruwa. A haikalin Wat Phra Kaew na birnin Bankok, wanda aka fara ginawa a 1782, an jera siffofin Garuda riƙe da macizai kewaye da gindin ɗakin ibada.

Abin lura ga ma'aikatan hukuma shi ne, wannan tsuntsu ya fito daga haikali ya shiga ofis. Shi ne tambarin gwamnatin Tailan. Ita ma Indonesiya, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta ɗauke shi tambarinta a 1950, da gashin tsuntsu 17 a kowane fiffike, 8 a wutsiya, 45 a wuya, domin tuna ranar da ta yi shelar 'yancin kai, 17 ga Agusta 1945.

Sai dai bangon da ya riƙe wannan ilmi ba shi da ƙarko, domin yaɓe ne na laka da kashin shanu da ƙaiƙayin shinkafa, aka shafe da farar ƙasa. Tun da wani hafsan Ingila, John Smith, ya yi kiciɓis da wurin a 1819 yana farauta, ɓarna ta yi ta ƙaruwa. Yawancin kwafin zanen da Robert Gill ya yi sun ƙone a gobarar Landan ta 1866. Wani man ƙaro da masu gyara suka shafa a shekarun 1920 kuma ya dushe, ya rufe launukan.

Hukumar UNESCO ta sa Ajanta cikin kayan tarihin duniya a 1983, ana kuma taƙaita haske da yawan masu shiga. Amma fa kiyaye bango kaɗai bai isa ba. In aka rasa masu sanin abin da giwar nan da macijin ke faɗa, to, launi ne kurum zai saura a jikin dutse.